Kartarpur: Ƙauyen da Aka Kafa a Kan Gona da Tukunya

A gaɓar Kogin Ravi, cikin gundumar Narowal ta ƙasar Pakistan, akwai wani ƙauye da ake kira Kartarpur. Tsakaninsa da iyakar Indiya bai kai kilomita biyar ba. Nan ne Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, ya ajiye sandar tafiya ya kama noma, har ya shafe kimanin shekara 18 na ƙarshen rayuwarsa.

An haifi Nanak a 1469 a Talwandi, garin da yanzu ake kira Nankana Sahib. Ya riƙe rumbun hatsin gwamna Daulat Khan Lodi a Sultanpur, daga baya ya shiga duniya yana wa'azi, tare da amininsa Mardana, wani Musulmi makaɗin rabab. Da ya dawo a farkon shekarun 1520, sai ya tuɓe tufafin masu yawon zuhudu ya sa kayan magidanta, ya zauna da matarsa Sulakhni da 'ya'yansa biyu, Sri Chand da Lakhmi Das. A Indiyar wancan zamani, duk wanda ake gani da tsarki shi ne wanda ya bar gida da iyali ya shiga daji ko bara. Nanak ya ƙi wannan hanya. Koyarwarsa ta tsaya a kan ambaton Mahalicci, da cin gumin kai, da raba abin da aka samu da wanda bai samu ba.

Mutane suka fara taruwa, manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, Hindu da Musulmi. Kafin asuba a yi wanka a karanta Japji, gari na wayewa kowa ya nufi gona, da yamma a sake haɗuwa a rera waƙoƙin yabo. Ɗakin taron, wanda suke kira dharamsal, shi ne kuma masaukin baƙi, kuma daga gare shi wuraren ibadar Sikh na yau, wato gurdwara, suka samo asali.

A ganina, babban abin da Kartarpur ya bar wa duniya shi ne langar, wato girkin kowa da kowa. Hatsin da aka noma a gonar gari, da abin da baƙi suka kawo, a haɗa a dafa, sannan a zauna a ƙasa sahu-sahu a ci. Bahaushe zai ce ai ciyayya ce, me ya yi zafi? To, amma a ƙasar da haihuwa ke yanke wa mutum matsayinsa har mutuwa, inda mai babban asali ba ya cin abin da hannun mai jima ko mai shara ya taɓa, ba ya ma shan ruwan rijiyarsa, zama kafaɗa da kafaɗa a gaban tukunya ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Wa'azin cewa mutane duk ɗaya suke, kowa zai iya gyaɗa masa kai ya tafi gida. Amma wanda ya miƙa hannu ya karɓi gurasa daga wanda iyayensa suka hana shi taɓawa, ya riga ya karya dokar da cikinsa, kuma gobe ma zai sake.

Da ajali ya matso, Nanak bai ba 'ya'yansa gado ba. Ya zaɓi almajirinsa Lehna, mutumin Khadur, ya gaje shi a matsayin Guru saboda hidimarsa, ya sa masa suna Angad. Nanak ya rasu a watan Satumba na 1539. Ruwayar Sikh ta ce Hindu sun so ƙona gawar, Musulmi sun so binnewa, a ƙarshe aka raba mayafinsa biyu, kuma har yau akwai alamun wurare biyun a harabar gurdwarar Kartarpur. Angad ya koma Khadur da tukunyar, inda matarsa Mata Khivi ta yi suna wajen kula da ita. Guru na uku, Amar Das, ya kafa sharaɗi a Goindwal cewa duk mai son ganinsa sai ya fara zama a sahu ya ci.

Shi kuwa ƙauyen, Ravi bai bar shi ya huta ba. Ambaliya ta cinye tsohon mazaunin, zuriyar Nanak suka kafa Dera Baba Nanak a ɗaya gaɓar. Farin ginin da ake gani yanzu an yi shi ne a shekarun 1920 da kuɗin Sarkin Patiala, Bhupinder Singh. Sai rabuwar Indiya da Pakistan ta 1947 ta zo, layin iyaka ya bar Kartarpur a Pakistan, Dera Baba Nanak a Indiya. Mabiya Sikh na yankin suka yi hijira, wurin ya zama kufai. Shekaru da yawa masu ziyara daga Indiya sai dai su hau wani dandamali a bakin iyaka su hango kubbar da tabarau mai hangen nesa. Abin tausayi ne ƙwarai, tsoho ya tsaya yana hangen inda addininsa ya fara, tafiyar da bai fi awa guda a ƙafa ba.

Ranar 9 ga Nuwamba, 2019, dab da cikar shekara 550 da haihuwar Nanak, ƙasashen biyu suka buɗe hanya ta musamman mai gada a kan Ravi. Yarjejeniyar ta ba mutum 5,000 damar shiga kowace rana ba tare da biza ba, a kan kuɗin shiga dala 20. Aka faɗaɗa harabar, aka gyara tsohuwar rijiyar, langar ya sake ciyar da dubbai. Annobar korona ta rufe hanyar daga Maris 2020 zuwa Nuwamba 2021. A watan Mayu na 2025, da rikici ya ɓarke tsakanin Indiya da Pakistan, aka sake rufe ta, kuma a watan Agusta na wannan shekarar Ravi ya yi ambaliya ya mamaye harabar.