Mata a Ƙuryoyin Duniya: Bincike, Balaguro da Fafutuka

Ƙuryoyin duniya biyu, wato yankin Atik a arewa da nahiyar Antatika a kudu, su ne wurare mafi sanyi a doron ƙasa. A tashar Vostok da ke Antatika aka auna digiri 89.2 ƙasa da sifiri a 1983. Sai dai abin da ya daɗe yana tare wa mata hanyar aiki a can shi ne dokokin hukumomi, ba sanyin ba.

Buɗe ƙofa

A 1935 Caroline Mikkelsen, haifaffiyar Denmak, ta sauka a gaɓar Antatika tare da mijinta, kyaftin ɗin jirgin farautar kifin wel. Irin wannan rakiya ce kaɗai hanyar mata a lokacin. Rundunar sojan ruwan Amurka, wadda ke jigilar masu binciken ƙasar, ba ta yarda ta ɗauki mata ba sai a 1969. A shekarar ce Lois Jones ta jagoranci ayarin mata zalla daga Jami'ar Jihar Ohayo, kuma ranar 12 ga Nuwamba mata shida suka sauko daga jirgin sama a Ƙuryar Kudu hannu cikin hannu, don kada a ce wance ce ta riga. Birtaniya kuwa sai 1996 ta bar mata su yi hunturu a tasharta ta Halley.

Balaguro

Ann Bancroft ta Amurka ta isa Ƙuryar Arewa a 1986 cikin ayarin da karnuka ke ja wa kaya. A 1994 Liv Arnesen ta Nowe ta kai Ƙuryar Kudu ita kaɗai bisa takalman zamiya, cikin kwana 50. A 2012 Felicity Aston ta Birtaniya ta ratsa Antatika ita kaɗai, kilomita 1,744 cikin kwana 59, tana jan guzurinta da kanta.

Bincike

A 1986 Susan Solomon ta jagoranci masana zuwa tashar McMurdo don gano dalilin ɓulewar rufin iskar ozon, wanda ke kare halittu daga hasken rana mai cutarwa. Aikinsu ya ƙarfafa hujjar cewa sinadaran CFC na firji da na'urorin sanyaya ɗaki ne sanadi. A 1987 aka sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal ta rage su. A 2013 Jane Francis ta zama shugabar hukumar binciken Antatika ta Birtaniya, wadda a da ba ta tura mata can.

Fafutuka

Yankin Atik ya bambanta da Antatika domin yana da mazauna na asali, kuma matansu sun daɗe suna rayuwa cikin ƙanƙara kafin zuwan baƙi. Daga cikinsu ne Sheila Watt-Cloutier, 'yar ƙabilar Inuwit ta Kanada, ta fito. Ta taka rawa a tattaunawar da ta haifar da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kan gubobin da ke taruwa a naman dabbobin da al'ummarta ke ci. A 2005 ta shigar da ƙorafi gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyoyin Amurka, tana mai cewa hayaƙin da Amurka ke fitarwa na narkar da ƙanƙarar da mafarautan Inuwit suka dogara da ita. Hukumar ta ƙi karɓar ƙorafin, amma a 2007 ta saurari bahasi kan alaƙar ɗumamar yanayi da haƙƙin ɗan adam.