Malam Sa'adu Zungur Tsakanin Bakuna Uku

Duk wanda ya karanta Waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya zai ga kamar mutum biyu ne suka rubuta ta. A wani wuri mawaƙin yana kare sarautar Arewa, yana jan kunnen mutanensa game da 'yan siyasar Kudu. A wani wurin kuma sai ya juyo kan sarakunan nan da kansu, ya yi musu wankin babban bargo. Saboda haka masu sharhi suka rabu, wasu suka ce ɗan mazan jiya ne, wasu suka ce ɗan tawaye ne. Ni a ganina ba za a warware wannan ƙulli ba sai an dubi irin matsin da mutumin ya rayu a cikinsa.

An haifi Sa'adu a Bauchi wajen shekarar 1915, a gidan malamai, ya kuwa sha karatun addini tun yana ƙarami. Daga nan ya shiga makarantar boko har Kwalejin Katsina, sa'an nan a 1934 ya tafi babbar Kwalejin Yaba a Ikko, a zamanin da ɗan Arewa bai saba taka wurin ba. To, mai karatu ya duba: ga malaman zaure shi ɗan boko ne wanda Nasara suka canja wa tunani, ga Turawan mulki da fadawa shi mai tsaurin ido ne wanda ba ya zubewa gaisuwa, ga abokansa na Kudu kuwa shi Bahaushe ne daga ƙasar da suke ɗauka tana barci. Bakuna uku ke nan a kan mutum ɗaya, kowanne da sunan da ya raɗa masa.

Waƙar Bidi'a, a nawa karatun, amsa ce ga baki na farko. Da ya soki al'adun da aka cusa cikin addini, ai bai ɗauko hujja daga littattafan Turawa ba, ya ɗauko ta ne daga tafarkin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin ƙa'idar waƙar malamai, da karinta da amsa-amonta. Watau yana nuna wa masu ce masa ɗan boko cewa ya fi su riƙo da abin da suke taƙama da shi. Wannan dabara ce ta wanda aka tsare a lungu, ya karɓe sandan mai dukansa.

Baki na uku shi ya fi yi masa ciwo. A 1948 ya koma Ikko ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe, da fatan a yi gwagwarmaya tare. Bai daɗe ba ya dawo gida rai a ɓace, don ya ga yadda ake raina Arewa a can. Daga wannan ɓacin rai ne waƙar Jumhuriya ko Mulukiya ta fito. Shi ya sa zafinta kan Kudu yake da yawa, har wani lokaci ya wuce kima, gaskiya ke nan. Amma kuma bai yarda ciwon nan ya mayar da shi bafade ba. Ya tunatar da sarakuna abin da ya sami takwarorinsu na Indiya bayan samun mulkin kai a 1947, ya ce in ba su gyara shari'a da ilmi ba, su ma haka za ta same su. Mutumin da ya faɗi haka shi ne kuma ya zama jigo a NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, tare da abokinsa Malam Aminu Kano.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, da wuya ka ji Sa'adu yana kukan kansa a waƙa, alhali kuwa ciwon ƙirji ya daɗe yana cin sa har ya rasu a 1958. Al'adar malamai ba ta sakar wa mawaƙi fuska ya ce ni ne wane, ga abin da aka yi mini. Sai ya sa damuwarsa a bakin Arewa baki ɗaya. Wanda yake son bin sawun wannan, littafin da Dandatti Abdulƙadir ya fitar a kansa a 1974 ya tattara waƙoƙin da tarihin rayuwarsa a wuri guda.