Birkin Baya na Tsohon Babur da Yadda Ilimin Gyaransa Ya Sauya

Sana'ar gyaran babur ta yi ƙarfi a garuruwan arewacin Najeriya ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata a 1975, suka ba malaman makaranta da akawuna da malaman gona damar mallakar Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa. Dukkan waɗannan babura sun zo da birkin duram a ƙafar baya, wato birkin da ke ɓoye cikin kwanon ƙarfe a tsakiyar taya, irin wanda Louis Renault ya fito da shi a Faransa a 1902. Ko da Honda ya sa birkin faifai a gaban CB750 a 1969, ƙananan baburan da suka cika titunan Kano da Zariya da Maraɗi ba su rabu da duram a baya ba har yau, saboda arha da juriyarsa.

Aikinsa ba shi da wuyar fahimta, amma kowace gaɓa tasa tana iya sace wani abu daga ƙarfin ƙafar matuƙi. Idan aka taka feda, sai ta ja doguwar sandar ƙarfe, sandar ta ja hannun birki, hannun ya juya wani ɗan ƙarfe mai faɗi da ake kira kam, shi kuma kam ya buɗa takalman birki guda biyu, waɗanda makanikai ke ce wa shu, har fatar da ke manne a bayansu ta goga jikin duram. Tsofaffin makanikai, da yawansu daga gyaran keke suka faro, sun koyar da yaransu cewa birkin da ya yi sanyi daga waje ake fara bincikensa, ba a kwance taya sai an tabbatar laifin ba a fili yake ba. Ana fara duba wasan feda, wato tazarar da take yi kafin birki ya fara kamawa, wanda littattafan Honda suka ƙayyade tsakanin milimita 20 zuwa 30, sannan a tambayi mai babur ko an ja masa sarƙa kwanan nan, domin jan sarƙa yana matsar da taya baya, ya ɓata saitin notin da ke bakin sandar.

Abin da ya bambanta gwani da ɗan koyo shi ne kallon da yake yi wa hannun birki idan an taka feda har ƙasa. Muddin kusurwar da ke tsakanin hannun da sandar ta wuce digiri 90, to ƙarfin ja ya fara zubewa, kuma alama ce cewa fatar shu ta cinye, komai yawan ɗaure noti ba zai dawo da ita ba. Sai a kwance taya a karanta abin da ke ciki. Fatar da ta yi santsi tana ƙyalli kamar bayan tangaran zafi ne ya ƙone ta, sau da yawa saboda matuƙin da ke ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya; wadda ta yi baƙi tana danƙo giris ne ya tsiyayo mata daga boris, kuma irin wannan ba ta gyaruwa da wanki, domin man da ta sha yakan sake tsatsowa da zarar ta yi zafi. Ƙurar hunturu da ruwan damina kuwa sukan sandarar da kam a cikin raminsa, har rabin ƙarfin ƙafa ya ƙare wajen juya shi kawai. Wasu makanikan sukan shafa alli a jikin fatar, su mayar da taya, su juya ta da birki a ɗan kame, su sake buɗewa su ga inda allin ya goge, sai su bi tudun da sanfefa har fatar ta zauna daidai a jikin duram.

Wannan tsanaki talauci ne ya ƙara kaifafa shi. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sabon babur da kayan gyara na Japan suka fi ƙarfin talaka, a daidai lokacin da acaɓa a Najeriya da kabu-kabu a Nijar suka zama abin dogaron dubban matasa. Babur mai ɗaukar goyo da buhu ya fi dogara da birkin baya fiye da na mai hawa shi kaɗai, ga kuma tsoron da 'yan acaɓa ke yi wa birkin gaba a kan rairayi, duk da cewa shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa a kan kwalta. A wannan zamani ne aka ƙware wajen sake wa tsohon shu fata, haka kuma a cikinsa ne wasu dabaru masu haɗari suka yaɗu, kamar naɗa guntun gwangwani a bakin shu, ko cire hannun birki a matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu a kan kam. Dabarar ƙarshen nan ita ce mafi muni, domin tana ɓoye cinyewar fata, kuma kam na iya juyawa ya tsaya a tsaye tsakanin shu biyu, taya ta kulle babur na gudu da mutum biyu a kai.

Shigowar baburan Sin irin su Jincheng, sannan Bajaj Boxer na Indiya, tare da kayan gyara masu arha da ke fitowa ta hannun 'yan kasuwar Nnewi, ta rage buƙatar waɗancan dabaru, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai ta zo da asara wadda ba a cika lura da ita ba: yaron gareji na yau yakan sauya shu kafin ya tambayi dalilin mutuwar na farko. Duram ɗin da ya shekara ashirin yana aiki yakan faɗaɗa, ko ya daina zama cikakken da'ira, alhali a ƙananan Honda masu duram na milimita 110 ƙarin milimita ɗaya tak ya isa a yar da shi, kuma sabon shu a cikin irin wannan kwano tsakiyarsa kawai ke taɓawa. Akwai kuma ƙaramin aikin da tsofaffi ba sa tsallakewa, wato a sa yaro ya danne feda yayin da ake ɗaure notin gatarin taya, domin farantin da ke riƙe da shu ya zauna a tsakiya. Idan aka bar shi, shu ɗaya ne ke aiki, mai babur kuma yakan dawo bayan 'yan makonni da kukan da ya zo da shi tun farko, yana zargin kayan da aka sa masa jabu ne.