Turke a Ƙofar Gida: Tarihin Doki a Gidan Bahaushe

 

Dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani yaro ya yi mini a zauren Maigida, dattijon jama'armu a nan Tamanrasat, wanda nake riƙe wa takardu. An zo sasanta wasu 'yan'uwa biyu, da ƙanen ya ɗaga murya sai Maigida ya ce masa, "Kai, koma turkenka." Bayan an watse, ɗan wan, wanda a nan aka haife shi, ya matso ya ce, "Malam, mene ne turke?" Na ba shi amsa a taƙaice, amma tambayar ta kwana a raina. Yaron jikan mahaya ne, ga shi ya kai shekara goma sha biyu bai taɓa ganin doki ɗaure a ƙofar gida ba.

Ba laifinsa ba ne, domin nan ƙasar raƙumi ce. Wanda ya bi hanyar arewa daga Tamanrasat zuwa In Ekker, tafiyar kimanin kilomita 150, ba zai ga abin da doki zai ci ya rayu ba. Duniya ma ba ta san In Ekker da komai ba sai gwajin makaman nukiliya da Faransa ta yi a ƙarƙashin dutsenta tsakanin 1961 da 1966. Sai dai duwatsun Ahaggar da na Tasili suna ɗauke da wata shaida da ta girmi wannan nesa ba kusa ba: zanen dawaki suna jan keken yaƙi mai ƙafa biyu, wanda mutanen da suka yi tun kafin raƙumi ya zama abin hawan Sahara. Masanin tarihin Girka, Herodotus, a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ambaci Garamantawan Fazzan da kekunan da dawaki huɗu ke ja. Ke nan doki ya riga raƙumi taka wannan ƙasa, ƙarancin ruwa ne ya kore shi zuwa inda ake noma gero.

YADDA YA SHIGO ƘASAR HAUSA

Tun da daɗewa akwai ƙananan dawaki a ƙasashen Sudan, irin waɗanda muke kira ƙuru. Manyan ingarmu kuwa fatake ne suka riƙa kawo su daga arewa da gabas, ta hanyar Tarabulus da Fazzan zuwa Barno, da ta Gadamas da Gat da Azbin zuwa Katsina da Kano. Shi ya sa har yau masana doki suke bambanta ɗan Azbin da ɗan Barno, kuma suna yabon irin da Sulluɓawa suka kiwata a ƙasar Katsina.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji, wanda ake ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma ya riƙa aika wa Kwararrafa dawaki su kuma suna aiko masa da bayi. Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi aka jingina wa dawakin zage da kakaki. A farkon ƙarni na 16, Hasanul Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya ba da labarin cewa sarkin Barno yana sayen doki ɗaya daga fataken arewa da bayi goma sha biyar ko ashirin. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma wajibi ne a faɗe ta: wani kaso na adon da muke alfahari da shi, da 'ya'yan mutane aka biya kuɗinsa.

Girman matsayin doki ya fito fili a sarautunmu. Madawaki shi ne jagoran mahaya, ga Ubandawaki, ga Barde, ga Shamaki mai kula da bargar sarki. A Kano, biyu daga cikin masu zaɓen sarki huɗu, wato Madaki da Sarkin Dawaki Mai Tuta, sunan doki ne a jikin sarautarsu. Ga kuma garuruwa irin Dawakin Kudu da Dawakin Tofa.

Duk da haka, yawan dawaki bai taɓa zama lamunin nasara ba. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da mahaya masu lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa dawakinsu 'yan kaɗan ne, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa, kuma su Allah Ya ba rinjaye. Bayan nan Daular Sakkwato ta gina nata rundunonin dawaki, haka ma sarakunan Katsina da suka koma Maraɗi, da Damagaram a zamanin Sarki Tanimu. Ƙarni guda cur doki ne yake yanke wanda zai kwana a garinsa da wanda za a kora.

RAYUWARSA A CIKIN GIDA

Masu tarihi sun fi son labarin fagen fama, alhali kwanakin yaƙi kaɗan ne a rayuwar doki. Sauran kwanakinsa duka a turke yake yin su, kuma a nan ne ainihin ilmin yake.

Turke guntun itace ne mai ƙwari da ake kafawa a ƙasa, a ɗaure ƙafar doki ta gaba a jikinsa da igiya mai laushi. Mai hali yakan gina barga, mai ƙaramin ƙarfi kuwa ya yi rumfa tsakanin zaure da cikin gida, inda maigida zai ji motsinsa da dare. Ana zuba yashi a ƙasan wurin, a kwashe kashi safe da yamma a tara, da bazara a kai gona. Ingarma ake ɗaurewa a gari don hawa. Goɗiya galibi a ƙauye take, tana kiwo a fadama tana haihuwa, kuma babban mutum ba ya son a gan shi a kanta.

Da asuba, bayan an fito masallaci, maigida na ƙwarai ba ya karyawa sai ya leƙa dokinsa. Yana duba ko ya cinye abincin dare, yana duba kashinsa, yana shafa bayansa ko sirdi ya ji masa. Sa'an nan ɗan barga ya share, ya goge masa jiki, ya tsefe geza da wutsiya, ya cire kaska. Da damina yara ke fita yankan ciyawa, su dawo da dami a ka kafin hantsi. Da kaka ake tanadin shekara: harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure a ɗora bisa rufin soro ko a reshen itace, inda akuya ba ta kaiwa. Hatsinsa gero ne ko dawa, da yamma, bayan ya sha ruwa. Ana jiƙa masa dusa da kanwa, irin wadda fatake ke kawowa daga Manga da bakin Tabkin Cadi, domin ta wanke masa ciki ta buɗe masa ci. Matan gida su ne masu surfe da tara dusa, saboda haka doki ba ya ƙiba a gidan da uwargida ba ta so shi ba.

Abokan gabansa sanannu ne. Ciwon ciki yana iya kashe shi cikin dare ɗaya, musamman in an ba shi hatsi da yawa. Tsando yana sa masa sammore, kuma wannan ƙuda ne ya tsare mahayan arewa daga kutsawa cikin kurmin kudu fiye da yadda kowace runduna ta tsare su. Da damina akan hura hayaƙi kusa da turke don korar sauro da ƙudaje. Kakanninmu ba su san yi wa doki takalmin ƙarfe ba, gyaran kofato kawai ake yi da wuƙa, ƙasarmu mai yashi ta wadatar.

Horo kuwa da haƙuri ake yinsa. Duƙushi yana bin uwarsa har a yaye shi, sa'an nan a sa masa ragama a riƙa jan sa. In ya doshi shekara uku sai a fara ɗora masa tsumma a baya, daga nan sirdi ba mahayi, a ɗaure majayi sannu a hankali, daga bisani a ɗora yaro mara nauyi. Linzami ne na ƙarshe, kuma linzaminmu mai kaifi ne, hannun da bai ƙware ba yana fasa bakin doki da shi. Da dabaibayi ake koya masa taƙama, tafiyar da ba ta girgiza mai rawani. Da yamma a fita ƙilisa, a koya masa sukuwa da zamiya, wato ya taho a guje ya tsaya cak a gaban sarki yayin jahi. Wanda za a kai hawa sai an saba masa da ƙarar bindiga da tambari da algaita, in ba haka ba ranar salla ya zubar da mai shi a bainar jama'a.

Har launinsa suna gare shi: akawal, kili, bidi, hurde, danda, gunya, aharas, bikili. A bayan doki guda kuma akwai abincin gidaje da yawa: maƙeri mai linzami da likkafa da kaimi, masassaƙi mai ƙirar sirdi, baduku, mai ɗinkin jalala, mai sayar da harawa.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba. Allah Ya yi rantsuwa da dawaki a Suratul Adiyat, kuma ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa an yi tseren dawaki a Madina. A mazhabar Imamu Malik babu zakka a kan dokin hawa, ba a cin namansa, kuma a rabon ganima mahayi yana da kashi uku, biyu saboda dokinsa. Hukuncin da ya fi shafar mu a yau shi ne wannan: ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, in ya kasa sai ya sayar wa wanda zai iya.

DAGA FAGEN FAMA ZUWA FILIN HAWA

A 1903 zamanin dokin yaƙi ya ƙare. Kano ta faɗi a farkon Fabrairu, kuma a ƙarshen watan, a Kwatarkwashi, mahayan Kano suka yi ta afka wa bindigogin Turawa har Waziri Ahmadu ya yi shahada. Sakkwato ta bi baya a watan Maris. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota ta biyo shi. Hakimai da dagatai sun ci gaba da rangadi a kan doki shekaru masu yawa, amma aikinsa ya yi ta raguwa.

Abubuwa biyu suka riƙe shi. Na farko hawan salla, da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa a Kano, da Hawan Bariki a Katsina da Zazzau, da manyan tarukan da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da na FESTAC a 1977. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Na biyu wasan folo, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya dasa a garinsa, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna da shi har ƙasashen waje.

Dokin talaka kuwa fari ne ya gama da shi. Ina ɗan saurayi a ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi aka yi yunwar 1984. Mahaifina yana da wani akawal da ya hora da hannunsa. Da rumbu ya yi ƙasa, sai ya zama mudun da za a ba doki shi ne tuwon yara. Ya yi kwanaki yana rage nasa rabon, har wani malami abokinsa ya ce masa, "Malam, ba ka da ikon yunwatar da shi, ba ka da ikon yunwatar da su." Ranar kasuwa ya ja shi da kansa, bai hau ba. Da ya dawo ya rataye ragamar a zaure, turken kuwa ya hana a tone shi har ya bar duniya. Gidaje da yawa haka suka rabu da nasu, da aka samu sauƙi kuma babur aka saya.

ABIN DA YA RAGE A WUYANMU

Yau ana ganin dawaki da yawa ranar salla da ranar angwanci, amma da dama na haya ne, ko na wanda ya saya don a gan shi. Sai ka ga an lulluɓe doki da kayan dubban ɗaruruwa, in an sauke sirdi bayansa duk gyambo, bakinsa na jini, yara sun wuni suna sukuwa da shi a kan kwalta. Masu magana sun ce dokin mai baki ya fi gudu, kuma mun yawaita baki a kan al'ada, mun ƙaranta sanin harawa da kanwa.

Roƙona ga wanda Allah Ya hore wa doki, ya lissafa abincinsa na shekara kafin ya lissafa kayan adonsa, ya nemi likitan dabbobi tun ciwo bai yi nisa ba, ya kuma sa ɗansa ya yi shara da goga da hannunsa. Wanda yake da tsoho a gida da ya yi zaman barga, ya zauna da shi ya rubuta abin da ya sani, sunayen kaya da na launi da dabarun horo, tun yana da rai. Mu kuma da muke zaune a ƙasar raƙumi, in mun kai yara gida hutun salla, kada mu tsaya a kallon hawa daga nesa. Mu kai su barga da asuba su ga yadda ake yi.

Yaron nan na yi masa alkawarin haka, in Allah Ya kai mu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da Ya sa a hannunmu. Wanda ya san wani suna ko wata dabara da ban kawo ba, ya ƙara mana, ilmi ba ya taruwa a wurin mutum ɗaya.