Karen Makiyaya da Karen Fada

A shekarar 1899, a wani bajekolin karnuka a garin Karlsruhe na Jamus, wani tsohon kyaftin na sojan doki mai suna Max von Stephanitz ya ci karo da wani kare mai tsayayyun kunnuwa, wanda in ka hango shi daga nesa sai ka ce kyarkeci ne. Nan take ya biya mark 200 ya tafi da shi, ya raɗa masa suna Horand von Grafrath. A watan Afrilu na wannan shekara ya kafa ƙungiyar masu kiwon karen makiyayan Jamus, Horand kuwa shi ne na ɗaya a littafin rajistarta. Manyan karnukan nan da ake ɗaurewa a ƙofar gidajen masu hali a Kaduna da Abuja, ko ake gani a hannun 'yan sanda, daga zuriyarsa suka fito.

Kafin Stephanitz an taɓa kafa wata ƙungiya, Phylax, a 1891, amma shekara uku kacal ta yi ta watse, saboda 'ya'yanta sun kasa daidaitawa a kan abu guda: kare don aiki ake kiwonsa, ko don kyan gani? Shi kyaftin bai tsaya wata-wata ba, aiki ya sa gaba. Da ya ga masana'antu suna cinye makiyaya, tumaki na raguwa, sai ya shiga tallata karensa ga 'yan sanda da sojoji. A Yaƙin Duniya na Farko karnukan sun kai saƙo a fagen daga, sun yi gadi, sun nemo waɗanda suka ji rauni. Wani sojan Amurka, Lee Duncan, ya tsinci wani ɗan kwikwiyo a wani rusasshen sansani a Faransa a 1918, ya kai shi gida, daga baya karen ya zama tauraron fim mai suna Rin Tin Tin. Turawan Ingila sun so karen, amma ba su son jin sunan Jamus, sai suka laƙaba masa Alsatian, sunan da ya biyo su har Najeriya, bai kuma bar bakin mutane ba har yau.

Labarin ƙaramin kare kuwa daga fada ya faro. A birnin Beijing sarakunan Sin sun daɗe suna kiwon wani ɗan kare mai yalwar gashi da shafaffen hanci, wato Pekingese, ana son ya yi kama da zakin da ake sassaƙawa a ƙofar wuraren ibadar Buddha. Talaka ba shi da ikon mallakarsa. Mafi ƙanƙanta a cikinsu a faffaɗan hannun riga 'yan fada ke ɗaukar su. Babu tumakin da za su kora, babu ɓarawon da za su kama. Aikinsu su zauna kusa da mai gida su ɗebe masa kewa.

Ta hanyar ganima suka fita duniya. A 1860, lokacin yaƙi na biyu da aka yi da Sin a kan cinikin ofiyom, sojojin Ingila da na Faransa suka wawashe fadar Yuanmingyuan, daga bisani aka banka mata wuta. An tarar da karnuka biyar a ciki, aka kwashe su zuwa Ingila. Kyaftin John Hart Dunne ya miƙa wa Sarauniya Victoria guda, aka sa mata suna Looty, ba tare da ko kunyar yadda aka samo ta ba. Abin da sarauniya ta riƙe kuwa, matan manya ba sa bari ya wuce su. Cikin karnuka uku da suka tsira daga jirgin Titanic a 1912, ɗaya Pekingese ne, biyu Pomeranian, duk ƙananan da za a iya rungumewa a shiga kwalekwale da su.

Sai dai gasar kyau ta cuci ɓangarorin biyu. Tun da aka kafa ƙungiyar masu karnuka ta Kennel Club a Landan a 1873, alƙalan bajekoli suka zama masu yanke hukuncin siffar da ta dace. Karen Jamus na gasa aka yi ta kiwonsa har bayansa ya zube, ciwon ƙugu ya zama ruwan dare a cikin irin. Na fada kuma aka yi ta matse masa fuska har numfashi ya zama wahala. Pekingese ɗin da ya lashe gasar Crufts a 2003, mai suna Danny, a kan ƙanƙara aka zaunar da shi yayin ɗaukar hoto don kada zafi ya kayar da shi. Wannan fa a Birmingham ta Ingila ke nan, a watan Maris, ba lokacin zafi ba.

Saboda haka duk wanda ke ruwan ido tsakanin su biyun, tarihinsu yake shirin saye. Namijin karen Jamus yakan kai kilo 30 zuwa 40, yana son gudu da horo kullum. In aka tsare shi da sarƙa a lungu, haushi da ɓarna da cizo ne za su biyo baya, laifin kuma na mai shi ne. Pekingese bai cika wuce kilo 6 ba, ɗan abinci ya ishe shi, amma gashinsa na son taza, idanunsa na son kulawa, kuma bazarar Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40, tana iya halaka shi in babu wutar lantarki. Mafarautan ƙasar Hausa da Buzayen Azawak ba su taɓa shiga wannan ruɗani ba, don karensu siriri ne mai gajeren gashi, wanda ƙasar da aikin suka zaɓa musu.

A 2008 BBC ta nuna wani shiri da ya fallasa cututtukan karnukan gasa, ta kuma daina watsa Crufts. Kennel Club ta gyara ƙa'idar Pekingese, ta ce dole a riƙa ganin hancinsa. A ɗaya ɓangaren, rundunonin 'yan sanda da sojoji da dama sun karkata ga karen Malinois na Beljiyam, wanda ya fi sauƙin jiki, masu gasa kuma ba su taɓa shi sosai ba.