Daga Dandalin Tirmini Zuwa Zauren Jami'a: Tarihin Koyar da Rawa a Damagaram

Duk ɗalibin tarihi a Nijar ya san Tirmini da abu guda. A nan ne, a ƙarshen watan Yuli na 1899, sojojin Faransa suka karya rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, suka wuce suka shiga birnin Zinder. Sarauta ta rasa bindigoginta da ikonta, amma akwai wata makaranta da yaƙin bai taɓa ba, domin ba ta da gini balle a rushe shi. Wannan makaranta ita ce dandali, inda 'ya'yan Damagaram suka gaji koyon rawa tun kafin kalmar jami'a ta shigo bakin jama'a.

A wancan tsari rawa ba fanni ce mai zaman kanta ba, kowace sana'a da tata. Mahauta suna da kalangu da hawan ƙaho, maharba da 'yan tauri kowa da kiɗansa, manoma suna da gangar noma a ranar gayya, 'yan mata kuma suna da gaɗa a farin wata. A wajen 'yan bori abin ya fi tsauri, saboda kowane iska yana da takensa da takunsa, kuma wanda ya haɗa na wani da na wani ya yi kuskuren da kowa a wurin zai gane. Babban malami a duk wannan shi ne makaɗi. Kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar muryar Hausa, don haka yana iya kiran mai rawa da takensa, ya zuga shi, ya kuma tsawata masa idan ƙafarsa ta saɓa. Yaro yakan fara daga bayan da'ira yana kwaikwayon yayyensa, ranar da ya shiga tsakiya kuwa ita ce jarrabawarsa, sakamakon kuma nan take yake fitowa: ko guɗa ko dariya.

Abin da wannan makaranta ba ta sani ba shi ne mutum guda da zai zauna ya tsara wa mutum talatin inda kowa zai tsaya da lokacin da zai juya. Wannan sana'a ta zo ne tare da dandamali. A shekarun 1930, a makarantar horar da malamai ta William Ponty da ke Senegal, an riƙa tura ɗalibai su tattaro al'adun garuruwansu lokacin hutu, su dawo su mayar da su wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa. Da aka ɗora rawa a kan dandamali, sai da'ira ta buɗe ta zama sahu mai fuskantar 'yan kallo, rawar da ake kwana ana yi kuma aka datse ta zuwa 'yan mintuna. Fodéba Keïta, wanda ya fito daga wannan makaranta, shi ya kai salon duniya da ƙungiyarsa Les Ballets Africains, wadda ta zama ƙungiyar ƙasar Gini bayan samun 'yanci a 1958. Ta wannan hanya kalmar "bale" ta shigo Hausar Nijar.

Wasu ƙasashe sun miƙa wa makarantu wannan aiki. A Gana, tun 1962, Kwabena Nketia da Mawere Opoku suka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa a cikin jami'ar Legon, inda aka riƙa koyar da rawa a matsayin darasi, har da hanyar rubuta motsin jiki da alamomi wadda Rudolf Laban ya fitar a 1928. A Dakar, shugaba Senghor da Maurice Béjart suka buɗe Mudra Afrique a 1977 a ƙarƙashin Germaine Acogny. Makarantar ba ta wuce 1982 ba, amma ɗalibanta sun bazu a nahiyar.

Nijar ta bi wata hanya dabam. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da tsohon tsarin samariya, ta shimfiɗa shi a kowane ƙauye da kowace unguwa, sa'annan ta kafa bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Zinder a 1976, ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi. Gasa takan taso daga ƙasa ta hau sama. Matashi daga gari irin Tirmini, wadda a lokacin take ƙarƙashin Mirya, in ƙafarsa ta iya, yana iya tsintar kansa cikin tawagar jihar Zinder a gaban shugaban ƙasa.

To su wa suka tsara waɗannan raye-raye? Akasarinsu malaman makaranta ne da jami'an kula da matasa, waɗanda babu mai takardar shaidar rawa a cikinsu. Sukan je wurin tsofaffi su tambayi yadda ake yi a da, su kawo makaɗa, su yi ta maimaitawa da dare a gidan samariya har sahu ya daidaita. Su suka warware matsalolin da ake koyarwa a manyan makarantu: yadda za a shigo da taro a fitar da shi ba tare da cunkoso ba, yadda za a sa labari ya fito ba da magana ba, yadda za a haɗa kiɗan fada da na talakawa a wasa guda. A ɓangaren wasan kwaikwayo an taki sa'a, domin Janet Beik ta yi nazarin ƙungiyoyin wancan zamani, ciki har da ta Zinder da Yazi Dogo ya yi suna a cikinta, ta buga littafinta a 1987. Magana tana shiga takarda cikin sauƙi, taku kuwa ba ya shiga.

Bai kamata a yi wa wannan zamani kwalliyar da ta wuce kima ba. Gwamnati ce mai kuɗin, kuma tana son jin yabon haɗin kan ƙasa da aikin gayya. Neman burge alƙalan gasa ya sa raye-rayen yankuna suka fara kama da juna, bori kuma ya hau dandamali a matsayin ado, an raba shi da ma'anarsa. Duk da haka, babu wani lokaci da aka horar da masu rawa da yawa a ƙasar kamar waɗannan shekaru.

Kountché ya rasu a 1987. Bayan taron ƙasa na 1991 samariya ta dusashe, saboda ana kallonta a matsayin 'yar aiken tsohuwar gwamnati, aljihun hukuma kuma ya bushe. Kiɗa ya sami mafaka a cibiyar El Hadj Taya da aka buɗe a Yamai a 1989, rawa ba ta sami irinta ba. Ga kuma tsohuwar ƙyama da ke ɗaukar kiɗa da rawa aikin maroƙa ne, wadda wa'azin shekarun baya-bayan nan ya ƙara wa kaifi. Matasan da suka nace sai suka nufi waje, wasu École des Sables da Acogny ta kafa a Toubab Dialaw, wasu La Termitière da Salia Sanou da Seydou Boro suka buɗe a Wagadugu a 2006. Jami'ar Yamai, wadda ta samo asali tun 1971, sai a shekarun 2010 ta buɗe shirin fasaha da al'adu, bisa ƙoƙarin Antoinette Tidjani Alou.

Zinder ta sami tata jami'ar a 2010, kuma rawa ba ta cikin fannonin da aka buɗe ta da su. Daga baya aka raɗa mata sunan André Salifou, ɗan garin da ya rubuta tarihin Damagaram a ƙarni na 19, ya kuma hau da Sarki Tanimun dandamali a wasan kwaikwayonsa. Daga harabarta zuwa Tirmini tafiya ce da ba ta kai sa'a guda ba a mota. Waɗanda suka taka rawa a bikin 1976 suna da shekara ashirin, yanzu sun doshi saba'in.