Daga NEPA Zuwa Hannun 'Yan Kasuwa

Mu 'yan kasuwar Suleja mun san ba a sayar da shago a mance da yaran shago. To, haka aka yi da wutar lantarki. Tun 1988 gwamnatin Babangida ta kafa dokar sayar da kamfanoninta, amma aka bar NEPA hannun hukuma. A 2005 ta koma PHCN, aka tsaga ta gida 18. Ma'aikata kuwa suka ce atafau, ba mai karɓar makulli sai an biya su kuɗin sallama. Sai da Hassan Sunmonu, tsohon shugaban ƙwadago, ya shiga tsakani aka sa hannu a Disamba 2012. Ran 1 ga Nuwamba 2013 wutar Suleja ta koma hannun AEDC. Wasu ma'aikatan dai sun shekara da shekaru suna bin ragowar haƙƙinsu.